Gogen Baba da Gashin Dokin Tsibiri

Ni ba mai zurfin karatu ba ne. Aji shida na yi a makaranta a nan Madina, daga nan sai warsha, wato garejin gyaran injuna, inda na ƙare ƙuruciyata da baƙin mai a farce. Hausa a gida na tsince ta, rubutunta kuwa da girmana wani ɗalibin jami'a ɗan Kano ya koya mini. Wanda ya ga tuntuɓe ya yi haƙuri.

Mahaifina mutumin ƙasar Damagaram ne. Da ƙafa ya zo, shekara da shekaru a hanya, ta Chadi da Sudan, yana tsinkar auduga a gonakin mutane har ya samu ya ƙetare teku. A Madina ya yi ga-ruwa, da ƙarfi ya ragu ya koma gadin wani gida a unguwar Al-Sih. Cikin kayan da ya shigo da su akwai goge. Ƙoƙo ne da aka rufe da fatar guza, da sanda, da tsirkiya ta gashin wutsiyar doki, da ɗan bakan da ake goga shi.

Bai taɓa kaɗa shi a cikin gari ba. Yakan ce yana jin nauyin Manzon Allah, ba zai ɗaga sauti kusa da makwancinsa ba. Amma sau ɗaya a shekara, idan an gama sare dabino zafi ya fara sauka, shi da tsofaffi biyar ko shida abokan hanyarsa sukan hau bayan wata motar kaya su fita can bayan kwarin Aƙiƙ, har su wuce iyakar harami. A gefen wata gona sukan shimfiɗa tabarma, a dama fura, Baba ya kaɗa daga la'asar zuwa gab da magariba. Sau biyu na bi su ina ƙarami. Abin da na riƙe shi ne ƙudaje, da wani tsoho da yake kuka ba ya share hawayen.

Tsofaffin suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Tsirkiyar ta tsinke. Idon Baba ya fara hazo. Ya naɗe gogen a cikin wani tsohon rawani baƙi, ya ɗaure da igiya, ya sa a ƙasan akwatinsa na ƙarfe. Kowace Juma'a idan ya dawo daga masallaci yakan buɗe akwatin ya zura hannu ya ɗan bubbuga ƙunshin, ya rufe. Duk lokacin aikin hajji sai ya ce mini in tambayi alhazan ƙasarmu ko wani zai zo masa da gashin doki baɗi. Nakan ce to. Ban taɓa tambayar kowa ba.

Ga abin da na yi. Ina da shekara ashirin da huɗu na je neman aure. A zauren gidan, kawun yarinyar ya dube ni ya ce da Larabci, "Au, ku ne gidan mai goge?" Aka yi dariya, ba ma mai yawa ba. Wani ya ƙara da cewa ai goge kayan 'yan bori ne. Na dawo gida kunnuwana suna zafi. Washegari Baba ya fita gadi, na buɗe akwatin, na kwance rawanin, na cire gogen. Na ɗauki wata ƙwaryar Inna da guntun sandar tsintsiya na naɗe su a rawanin, na ɗaure yadda yake, na mayar. Gogen kuwa na kai shi warsharmu a unguwar Sultana, na jefa a cikin duron da muke ƙona tsummokaran mai. Da rana tsaka ne. Fatar ta yi wani ɗan ƙara da wuta ta kama ta, shi ke nan.

Na daɗe ina gaya wa kaina don addini na yi. Ƙarya ne. Malamai suna da maganarsu a kan kiɗa, ban kai in sa baki ba. Amma ban ji malamin da ya ce ka saci kayan ubanka ka sa masa sandar tsintsiya ba. Kunya ce kawai ta sa ni, kunyar a ce mini ɗan mai goge. Aka yi auren. Shekara bakwai Baba yana bubbuga ƙwaryar Inna kowace Juma'a.

Shekara biyu ko uku bayan shigar 1400 na Hijira, na koma aiki da wani kamfani mai manyan injunan wuta. Suka tura mu mu huɗu ƙasar Sikotlan, arewa da Ingila, mu yi wata biyu muna koyon sabon inji. Ranar da zan tafi na durƙusa gaban Baba ya yi mini addu'a. Da na miƙe sai ya riƙe bakin rigata.

"An ce Turawa suna da dawakai manya," in ji shi. "Ka samo mini gashin wutsiya. Na ingarma, ka ji? Ban da na goɗiya, fitsari yana ɓata shi."

"To, Baba."

"Wannan to ɗin naka na san shi. Shekara nawa ina jin sa."

Inna ta yi dariya daga madafa ta ce ya bar yaro ya kama jirgi. Na fita ba ni da niyyar nemo komai.

Malamin da ke koya mana injin wani Bature ne jajir mai ƙaton ciki. Ya yi shekara huɗu yana aiki a Jidda, yana jin Larabcin kasuwa, shi ya sa muka shaƙu. Ni yake kira Shaihun Inji, ni kuma in kira shi Mu'allim. Wata Alhamis ya ce zai je gida, ana bikin kiɗa na kaka a tsibiransu, in zo in ga mutane. Sauran abokaina uku suka ce sanyi ya ishe su a nan ma. Ni na bi shi don na gaji da ɗakin otal.

Mun yi yini a mota, sannan jirgin ruwa. Ban taɓa sanin cikin mutum yana iya juyewa haka ba. Ina rungume da ƙarfen jirgi ina amai, Mu'allim yana tsaye a kaina yana cin burodi.

"Ya Shaihu, ba kai ka ce babanka ya ƙetare teku a kwalekwale ba?"

"Shi ne ya ƙetare, ba ni ba."

"Wallahi ka ba da shi. Riƙe hularka, iska ba ta san Shaihu ba."

Tsibirin babu itace ko ɗaya. Duwatsu, ciyawa ja-ja, tumaki, da gidaje farare a warwatse. An gama haƙar dankali, an tattara dabbobi, sai biki. Yadda suke yi, makaɗa suna bin tsibiran ɗaya bayan ɗaya a jirgin ruwa har mako guda, kowane ƙauye ya karɓe su ya ciyar da su. Uwar Mu'allim, tsohuwa 'yar ƙarama, ta share mini ɗaki, ta tambayi ɗanta ina gabas ɗina yake, ta kawar da wani hoto daga bangon. Kifi da dankali ta riƙa ba ni safe da rana. Da ɗanta ba Turanci take yi ba. Wani yare ne daban, nasu na da, suna ce masa Gelik.

Washegari bayan azahar muka tafi babban ɗakin makarantar ƙauyen. Tun daga waje na ji sautin, ƙafata ta tsaya da kanta. Goge ne. Tsirkiyarsa huɗu, jikinsa katako, a ƙarƙashin haɓa ake riƙe shi, amma kukan nan na gashi a kan tsirkiya ba ya ɓuya.

Da muka shiga na ƙara ruɗewa. Ni a sanina mai goge mutum ne da ake jin daɗin kiɗansa amma ba a so a haɗa zuri'a da shi. A nan kuwa Mu'allim yana nuna mini da haɓa: wancan shugaban makaranta ne, waccan ita ce likitar tsibirin, wancan mai gemun shi ke tuƙa jirgin da ya sa ka amai. Kowannensu da goge a wuya. Akwai masu busa wata algaita mai salka a hammata, da masu matsa wani akwati yana kuka. Wasu mata sun kewaye tebur suna buga ɗanyen ƙyalle da hannu suna waƙa, ɗaya ta bayar saura su amsa, sak matan gidanmu a kan turmi. Na tsaya baki buɗe har wata ta miƙo mini shayi ban gani ba.

Can aka shigo da wani tsoho, mutum biyu suna riƙe da shi. Duk ɗakin aka miƙe tsaye. Na ɗauka limaminsu ne ko sarkin garin.

"Wane ne?" na tambaya.

"Masunci ne. Shi ya fi kowa goge a tsibiran nan."

"Don goge aka tashi masa?"

"To don me? Don kifi?"

Tsohon ya zauna ya fara wani kiɗa a hankali, saura suka bi shi. Kiɗan yana hawa, yana hawa, na ji ya kusa juyawa ya sauko gida. Sai kawai suka ɗaga bakunansu gaba ɗaya. Tsit. Ba wanda ya tafa. Aka yi shiru kamar na ɗan lokacin da mutum zai karanta Fatiha, sannan suka shiga wani kiɗan daban.

Na taɓa Mu'allim na ce, "Kuskure suka yi?"

Ya girgiza kai. Ya ce iyakar abin da ya rage ke nan. A zamanin kakan kakansa an yi wasu masu wa'azi da suka ce goge kayan Shaiɗan ne, mutane suka tara nasu suka ƙona. Mai wannan kiɗan dai ba shi ya ƙona nasa ba. Ɗansa ne ya ɗauka ya kai wuta. Mutumin bai sake kiɗa ba har ya mutu. 'Yarsa ta riƙe rabin farko tana rera wa jikokinta, rabin ƙarshe kuwa babu wanda ya san shi. Duk shekara sai su kaɗa rabin su tsaya.

"Ɗan fa?" na ce. "Me ya same shi?"

"Ba abin da ya same shi. Ya yi arziki ma. Gidansu ne wancan mai jan rufi da muka wuce." Ya kurɓi shayi. "Har yau in an ambaci gidan, da wannan ake ambatonsa."

Na ji kamar duk ɗakin sun san abin da ke ƙasan akwatin Baba, kamar don ni aka shirya. Na so in fita, amma Mu'allim ya riga ya kama hannuna yana ja na wurin tsohon. Tun a mota na yi suɓutar baki na ce masa mu ma muna da irin wannan abin kiɗa, mai tsirkiya ɗaya.

Tsohon ya riƙe hannuna da nasa biyu, masu kaushi kamar bawon dabino. Mu'allim yana fassara. Tsohon ya tambaya wa ke kaɗawa a gidanmu. Na ce mahaifina. Ya ce yana da rai? Na ce yana nan. Fuskarsa ta washe, ya ce in rera masa ɗaya daga cikin kiɗan babana.

Na ce ban iya ba. Ya ce ba waƙa ya ce in yi ba, in yi da hanci kawai. Mutane sun fara kewaye mu. Na rufe ido na lalubo wani kiɗa da Baba yakan fara da shi a gonar bayan Aƙiƙ. Ga mamakina ya fito. Na yi shi sau ɗaya, tsohon ya karkata kai. Na sake, ya ɗora bakansa. A karo na uku ya kaɗa shi daidai, har da ɗan karkarwar da Baba yake yi a ƙarshen layi, wadda ni ban ma san na yi ta ba. Kiɗan Damagaram a hannun masuncin da bai taɓa jin sunan Damagaram ba.

Ya kai inda na tsaya, ya ɗaga bakan sama, ya zuba mini ido yana jira.

Babu. Na buɗe baki, na laluba, babu komai. Na san akwai ci gaba, na tuna ma a nan ne tsohon nan na gona yake fara kuka, amma sautin ya ɓace mini ƙaf. Masuncin yana nan da baka a sama, mutane sun yi shiru irin shirun ɗazu.

"Ya ce ba komai," in ji Mu'allim. "Ya ce kai mai sa'a ne, naka yana da rai. Ka je ka karɓo sauran ka aiko masa a kaset."

Da safe na ce wa Mu'allim ina son gashin wutsiyar doki. Bai tambaye ni dalili ba, ya kai ni gidan tsohon. Masuncin yana da wasu gajerun dawakai furfura-furfura a bayan gida. Na nuna wadda ta fi kusa, mai doguwar wutsiya. Tsohon ya kaɗa yatsa ya yi magana, Mu'allim ya fashe da dariya.

"Wai wannan mace ce. Fitsari yana ɓata gashinta. Na namiji ake so."

Ban yi dariya ba. Na jingina da katangar dutse. Tsohon ya sa almakashin sausayar tumaki ya yanko daga ƙasan wutsiyar wani ingarma, ya ɗaure da zare, ya haɗa mini da ɗan dunƙulen ƙaro da ake shafa wa baka.

Sati uku da suka rage na yi su kamar marar lafiya. Na yi tunanin in jefar da gashin in ce ban samu ba. Na yi tunanin in sa a yi mini wani gogen a ɓoye in musanya. Amma idon Baba ya riga ya rufe, makaho kuwa da hannu yake gani, kuma hannun Baba ya san ƙoƙon nan fiye da fuskata.

Na iso Madina da hantsi. Bayan gaisuwa da rabon tsaraba na sa gashin a tafin Baba. Ya shafa shi, ya ja silli ɗaya tsakanin haƙora, ya sunsuna.

"Ingarma ne," ya ce. "Kai! Ashe to ɗinka yana haihuwa. Ɗauko mini ƙunshin nan."

"Baba, akwai magana."

"Ɗauko tukuna."

Na ɗauko na ajiye a cinyarsa. Inna tana bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Ya daɗe yana fama da ƙullin igiyar, ban taimake shi ba, na kasa. Rawanin ya buɗe. Ya shafa ƙwaryar ciki da waje. Ya shafa sandar har ƙarshenta, ya dawo. Ya sake laluba rawanin, ya zazzage shi.

"Ƙwaryata!" in ji Inna. "Ƙwaryar da na ce maƙwabciya ta ara ta hana! Shekara nawa ba ma gaisawa sosai da baiwar Allah!"

Na durƙusa na faɗa masa duka, da zauren neman aure, da duro, da ranar. Ina magana yana juya ƙwaryar a hannu. Da na gama ya tambaye ni abu ɗaya.

"Da ka sa shi a wuta, ka tsaya har ya cinye?"

"Na tsaya."

"To."

Kwana uku bai yi mini magana ba, ba kuma fushi ya nuna ba. Yana amsa sallama, yana cin abinci. Inna ta ɗauki ƙwaryar da kwanon dabino ta tafi gidan maƙwabciya ba da haƙuri, ta dawo idonta jajir, ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba.

Na shiga neman gyara. Wani Basudane a kasuwa ya samo mini ƙoƙo, wani Balaraben ƙauye ya kawo fatar damo, na zauna a warsha na haɗa abin da hannuna yadda na tuna. Na kawo wa Baba da sabon rikoda. Na ce in an sare dabino zan kai shi bayan Aƙiƙ da motata, ya kaɗa in ɗauka. Ya karɓa ya auna nauyinsa, ya ja baka sau ɗaya a hankali, ya ajiye a gefe.

"Ka iya inji," ya ce.

Na ce to ko da baki ne ya rera mini sauran kiɗan nan, na yi masa farkon. Ya saurara har na tsaya. Ya ce ba a bakinsa yake ba, a yatsu yake, yatsun kuma sandar wancan gogen suka sani. Ko gaskiya ne, ko ba ya so ne, ban sani ba har yau.

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

"Nawa na yafe tun ranar. Ai kai ɗana ne, ina zan kai ka? Amma gogen ba nawa ba ne."

Na ɗago kai.

"Na yayana ne. Tare muka taso daga gida. Shi ne makaɗin, ni ɗan rakiya ne, a hanya ya koya mini. Zazzaɓi ya kama shi a wani ƙauye kafin mu kai bakin teku. Ya ce tunda shi ba zai ga Madina ba, in kai gogensa ya kwana a can, in riƙe masa. Na haƙa rami na binne shi, ni da wani mai raƙumi. Ko sunan ƙauyen ban sani ba."

"Ba ka taɓa gaya mini kana da wa ba."

"Ka taɓa tambaya?"

Ban taɓa ba. Shekara talatin da ɗaya ina gida ɗaya da shi.

"Amana ce," ya ce. "Ni na kasa tsare ta, kai ka ƙona ta. In mun je can sai mu yi masa bayani mu biyu. Ni zan riga ka, zan fara."

Ya rasu bayan shekara biyu. Ban aika wa tsohon tsibiri kaset ba, ba abin da zan sa a ciki. Mu'allim ya rubuto mini sau biyu yana tambaya, na biyun ya ce tsohon yana kaɗa rabin nawa a bikinsu, yana ce masa kiɗan baƙon da ya yi amai. Ban ba shi amsa ba, wannan ma laifi ne da ke kaina.

Sunan yayan Baba na samu daga bakinsa kafin ya rasu. Na yi masa umara, na sa wa ɗana na uku sunansa. Yanzu na girmi Baba a shekarun da ya yi mini wannan magana, kuma har yau ban shirya abin da zan faɗa wa mutumin ba.